Man Giyar Jirgin Ruwa Mai Inji a Ciki: Tambayoyi da Amsoshi

A Kaduna in an ce jirgin ruwa, kwale-kwale ne ke faɗo wa mutum a rai, ko na tuƙi da filafili ko wanda aka rataya wa Yamaha a baya. Masu inji a cikin jirgi tsiraru ne. Shi ya sa duk wanda ya mallaki irinsu yakan ƙare a hannun makaniken mota, shi kuwa makanike ya zo da abin da ya saba yi wa mota. Yawancin giyoyin da na buɗe na tarar sun ƙone, daga nan matsalarsu ta faro. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu jirage da direbobinsu suka fi maimaita mini, a gareji da bakin ruwa.

Ina ma giyar take, kuma me ya bambanta ta da ta injin rataye?

A injin rataye, inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya suke, giyar tana can ƙasa cikin ruwa kusa da farfela. A jirgi mai inji a ciki kuwa, injin yana zaune a kan ƙasan jirgin, giyabos ɗin na ɗaure a bayansa, daga nan sandar farfela ta ratsa jikin jirgin ta fita cikin ruwa. Aikin giyar uku ne: gaba, firi, ribas. Mafi yawansu kuma suna rage gudun juyawar injin kafin ta isa farfela, misali inji ya juya sau biyu farfela ta juya sau ɗaya.

Man giyar daban yake da na inji, gejinta ma, wato sandar auna mai, daban. Na sha ganin direban da kullum sai ya duba baƙin mai kafin ya tashi, amma shekara biyu bai san akwai wani geji a bayan injin ba. Wasu jiragen gudu ma akwatunan giya biyu gare su, giyar kanta da wani akwati da ke juya ƙarfin inji ya koma baya, kowanne da nasa man. Ka ɗaga murfin ɗakin inji ka ƙirga gejin da ke ciki.

Wane mai ake zuba mata? Ba man giya na mota ba ne?

Nan ne aka fi yin ɓarna. Man giya mai kauri, lamba 90, wanda ake zuba wa giyar mota ta hannu da ƙafar injin rataye, bai dace da yawancin giyoyin nan ba. A cikinsu akwai faifan kuloci da ke aiki a jiƙe da mai. Mai mai kauri ba ya bin ƙananan hanyoyin da aka yi masa da sauri, kuma sinadaran da ke cikinsa na iya sa faifan ya riƙa sulɓewa.

Giyar Velvet Drive, wadda aka fi sani da sunan Borg Warner, jan man mota mai otomatik take sha, wato ATF irin Dexron. Haka ma ƙananan Hurth samfurin HBW, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin kamfanin ZF. Kanzaki da ke zuwa da injin Yanmar ta kasu biyu: samfurin KM2P baƙin mai na inji SAE 30 take so, samfurin KBW kuma jan mai. Twin Disc, ta manyan jiragen aiki, galibi SAE 30 ko 40. PRM ta Ingila ma haka ta rabu, ƙananan jan mai, manyan masu famfo man inji. Ka ga ke nan sunan kamfani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lambar samfuri.

To ta yaya zan san wace iri ce tawa?

Akwai ɗan faranti na ƙarfe da aka manna a jikin giyar, a sama ko a gefe, ɗauke da sunan kamfani, samfuri, lambar giyar da kuma yawan ragin gudu. Sau da yawa fenti da dattin mai sun rufe shi. Ka goge da tsumma da ɗan kananzir, ka haska da fitilar waya, ka ɗauki hoto. Da wannan lambar za ka samu littafin giyar a intanet. Kada ka kankare da wuƙa ko sandar ƙarfe, rubutun ba shi da zurfi.

Idan farantin ya ɓace, launin man da ke ciki zai ba ka haske amma kada ka dogara da shi ɗari bisa ɗari, domin ba ka san abin da mai jirgin na baya ya zuba ba. Jiragen da ke iso mana yawanci na hannu ne, sun bi ta Legas ko Fatakwal, sun ratsa hannaye da dama.

Da zafi ake dubawa ko da sanyi? Inji yana aiki ko a kashe?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma amsarta ta dogara da irin giyar. Makaniken mota ya saba duba man otomatik inji yana sulo. A jirgi, wannan dokar Twin Disc ce da wasu manya irinta: inji yana sulo, giya a firi, mai ya ɗumama.

Velvet Drive akasin haka ce. Za ka bar inji ya yi aiki har ya ɗumama, ka shiga gaba da ribas sau ɗaya ko biyu, ka dawo firi, ka kashe, sannan nan take ka zare geji. Dalili shi ne, lokacin da inji ke aiki wani kaso na man yana cikin tiyo da na'urar sanyaya mai. Da an kashe inji sai ya fara gangarowa cikin giyar. Layin da ke jikin geji an yi shi ne don lokacin da man bai gama dawowa ba. In ka tsaya amsa waya na minti biyar, abin da za ka gani ya fi na gaskiya yawa.

Ƙananan giyoyi marasa famfo, irin Hurth HBW da Kanzaki KM2P, ba su da wannan rigimar. Haƙoransu ne ke watsa man a ciki, babu inda yake tafiya. Ana duba su inji a kashe, bayan man ya kwanta.

Ka bayyana mini yadda ake dubawar tun daga farko.

Jirgi ya kasance a kan ruwa, a ɗaure, babu mutane cunkushe a gefe ɗaya. Idan injin na fetur ne, buɗe murfin ɗakin inji ka kunna fankar fitar da iska na minti huɗu kafin ka tayar, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa. Ka cire babbar riga, ka naɗe hannun kaftani. Inda giya ta haɗu da sandar farfela akwai kusoshi masu juyawa, in suka kama bakin riga ba sa saki.

Kafin ka taɓa geji, goge kewayensa. Da hunturu ƙura na kwanciya a kan komai, mai haƙar yashi kuwa shekara zagaye yashi ne a ɗakin injinsa. Ɗan abin da ya faɗa ta ramin geji yana nan cikin man har ranar juye. Zare gejin, goge shi da farin tsumma marar zubar da zare, mayar da shi, sake zarewa, ka riƙe shi a kwance ka duba a haske. Man ya tsaya tsakanin layi biyu, kusa da na sama. Wasu gejin layi ɗaya ne kawai, shi ne iyakar cika. Ka maimaita sau biyu, in karatun ya zo ɗaya ka yarda da shi. Kafin ka mayar, ka shinshina, ka murza ɗigo tsakanin yatsu. Bayanin abin da hanci da ido za su gaya maka yana ƙarƙashin tambayar launi da wari.

Gejina na murɗawa ne. In murɗa shi har ƙarshe kafin in karanta?

A Hurth HBW da Kanzaki KM2P, a'a. Za ka ɗora shi ne kawai a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba, sannan ka ɗaga ka karanta. In ka murɗa, sandar ta ƙara nitsewa da tsawon zaren murfin, sai ta nuna maka mai ya cika alhali da saura.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin a farkon fara aikina da jirage. Na juye wa wata ƙaramar Hurth mai, na murɗa geji tam, na ga ya taɓa layi, na ce wa mai jirgin a sauka lafiya. Bayan mako biyu ya kira ni, giya ta fara jinkirin kamawa kuma tana zafi. Da na auna yadda ya kamata, ƙarshen sandar ne kawai ya jiƙe. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne ƙanƙantar cikinta: mafi ƙanƙanta a cikin waɗannan giyoyin duk man da suke ɗauka bai cika ledar fiya wata ɗaya ba. Giɓin da ya yi kama da faɗin farce a jikin geji, babban kaso ne na man gaba ɗaya. Allah ya taimaka faifan bai ƙone ba. Velvet Drive kuma gejinta sai an tura shi ya zauna sosai a mazauninsa.

Da safe na duba na ga mai ya wuce layi sosai. In rage?

Idan giyarka mai famfo ce da na'urar sanyaya mai, kada ka rage tukuna. Man da ke cikin tiyo ne ya dawo da daddare, kamar yadda aka bayyana a tambayar zafi da sanyi. Ɗumama inji ka auna yadda ya dace.

Akwai wata dabara da ke sauƙaƙa rayuwa. Ranar da ka tabbatar man ya yi daidai da zafi, bar jirgin ya kwana a inda yake. Washegari kafin a tayar da inji, zare geji ka ga inda man ya tsaya, ka yi ɗan tsagi a wurin da zarto. Daga ranar kana da layin sanyi naka na kanka, kullum da safe cikin minti ɗaya ka gama dubawa. Amma in an canza tiyo ko na'urar sanyayawa, tsagin ya tashi aiki, sai an sake.

Zan iya dubawa jirgin yana kan tirela a gida?

Za ka iya gane ko akwai mai ko babu, da kuma lafiyar man. Amma matakin ba zai zo daidai ba, domin a kan tirela hancin jirgi yakan ɗaga ko ya sunkuya fiye da yadda yake zama a ruwa. Kuma kada ka tayar da inji a tudu ba tare da ka haɗa masa tiyon ruwa ba. Robar famfon ruwa takan ƙone cikin ƙanƙanin lokaci in ta juya a bushe. Wanda zai ja jirgi daga cikin gari zuwa madatsar ruwan Kangimi, ya duba a gida don kada ya yi tafiyar banza, ya sake aunawa bayan an sauke shi a ruwa.

Me launi da warin man ke nunawa?

Lafiyayyen jan mai ja ne garau kamar zoɓon da aka tace, kana hango layin geji ta cikinsa. In ya tsufa yakan koma ruwan ƙasa-ƙasa, wannan lokacin juye ne kawai. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, faifan kuloci ne ke ƙonewa. Sabon mai ba zai mayar da abin da ya cinye ba, sai dai ya ɗan ja maka lokaci.

Man inji da ke cikin giya bai kamata ya yi baƙi kamar na cikin inji ba, tunda babu hayaƙin da ke shiga cikinsa. In ka ga ya yi duhu, a bincika. Ka ɗiga ɗigo a farar takarda ka kai rana: ƙyalli launin zinare alamar tagulla ce ke cinyewa, launin azurfa kuma ƙarfe ne, ko boris ko haƙori. Ɗan laushin gari kaɗan a sabuwar giya ba abin tashin hankali ba ne. Ɓarɓashin da yatsa ke ji, wannan a tsayar da jirgi.

Man ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Me ya faru?

Ruwa ya shiga. Jan mai in ya gauraya da ruwa yakan zama kamar yogot mai launin hoda, man inji kuma kamar shayi mai madara da yawa. A giya mai famfo, wanda ake fara zargi shi ne na'urar sanyaya mai. Wani ɗan bututu ne da ruwan kogi ke ratsa ƙananan bututai a cikinsa, mai kuma yana zagaye su. In ɗaya ya huje sai su haɗu. Ruwanmu na damina, musamman Agusta da Satumba lokacin da kogin Kaduna ke cika ya yi jawur, yashi da laka ne zalla, kuma a hankali suke goge waɗannan bututan daga ciki.

Gwajin ba shi da wuya. Cire na'urar, toshe ƙofar mai ɗaya, ka hura iska ta ɗayar da famfon keke, ka nitsar da ita cikin bokitin ruwa. In kumfa na fitowa ta hanyar ruwa, ta huje. Na taɓa yin wannan gwajin a gaban wani Alhaji da ya dage cewa yaron jirginsa ne ya zuba masa ruwa a giya don mugunta. Yaron na tsaye gefe ya yi zuru-zuru. Da kumfar ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, Alhaji ya daɗe yana kallon bokitin, sannan ya ce, "To, Malam, nawa ne sabuwa?" Masu walda a kasuwar Panteka za su ce maka za su iya like ta, kuma hannunsu na da kyau, amma bututun da ya huje a wuri ɗaya 'yan'uwansa ma sun yi siriri. Ni sabuwa nake ba da shawara.

In giyar ba ta da irin wannan na'urar, ruwan ya shiga ne ta hancin shaƙar iska ko ta sil, wato robar da ke hana mai yoyo, lokacin da ruwa ya taru a ƙasan jirgi ya kai mata. Jirgin da aka bari a buɗe ruwan sama ya kwana yana zuba a ciki, haka yake faruwa. Ko ta ina ya shiga, juye ɗaya ba ya isa. A zuƙe, a zuba sabo, a tayar na 'yan mintuna, a sake zuƙewa, har sai man ya fito garau. Kada a bar shi ya kwana biyu, tsatsa ba ta jira.

Kullum sai na ƙara mai. Ina yake tafiya?

Giya ba ta ƙona mai kamar inji. In yana raguwa, zuba yake yi. Shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta ka bar shi ya kwana. Ɗigo a baya, wajen da sandar farfela ta haɗu, sil ɗin baya ne, kuma sau da yawa rashin daidaiton inji da sandar ne ke cinye shi, don haka canza sil kaɗai ba zai hana ya dawo ba. Ɗigo daga tsakanin inji da giya, sil ɗin gaba ne, sai an sauke giyar. Sai kuma bakin tiyo da wajen hannun sa giya.

In kwalin ya kwana fes amma mai na raguwa, leƙa bayan jirgi inji yana aiki. Ƙyallin mai mai launin bakan gizo a kan ruwa kusa da salansa na nufin na'urar sanyayawa ce ke tura man waje. Koma ga tambayar da ta gabata.

In ya ɗan yi yawa, ai ya fi a ce ya gaza ko?

Duka biyun ɓarna ne. Mai in ya wuce kima, haƙoran giya na kaɗa shi ya yi kumfa. Kumfa ba ta shafa wa ƙarfe santsi, famfo kuma ba ya iya matsa ta, sai giya ta yi zafi, man ya riƙa fesowa ta hancin iska ko ya tura sil. Ka zuƙe rarar da babban sirinji da siririn tiyo. Lokacin ƙari kuma a zuba kaɗan-kaɗan da mazurari mai tsabta, ana aunawa. Mazurarin da aka zuba gas ko fetur da shi jiya, a ajiye shi gefe.

Sau nawa ake dubawa, kuma yaushe ake juye?

Dubawa, duk ranar da za a fita. Juye, littafin giyarka ne alƙali, amma abin da aka fi samu shi ne juye na farko da wuri ga sabuwar giya ko wadda aka yi wa aiki, a Hurth bayan awa 25, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Jirgin da ke aiki kullum da kaya a zafin Maris da Afrilu, ni ba na bari ya kai shekara. Toshiyar ƙasa sau da yawa hannu ba ya kaiwa gare ta, don haka ta ramin geji ake zuƙewa da famfon hannu, man yana da ɗumi. Ka zuba abin da ya fito a gorar da ka san awonta, ka san abin da za ka mayar.

Wajen saye, a nemi gwangwani ko jarka mai hatimi. Man awo na bakin titi da aka ɗura a gorar ruwa, ja ne dai a ido, amma ba ka san me aka rina ba.

Ina tsakiyar ruwa, inji na ƙara amma jirgi ba ya ja. Me zan yi?

Sassauta wuta nan take. Duk daƙiƙar da inji ke ihu giya na sulɓewa, faifai ne ke ci. Koma firi, kashe inji, jefa anka in da hali. Fara leƙa farfela, domin kainuwa, ragar masunta da leda sukan naɗe ta su ba da alama irin wannan. Sai ka duba wayar sa giya ko tana tura hannun har ƙarshe. Sannan geji.

In man ne ya yi ƙasa kuma kana da irinsa, ƙara ka tafi a hankali. In babu, ga giya mai shan jan mai, ɗan man inji mai tsabta ya fi a tuƙa ta a bushe, amma iyakarsa ya kai ka gaɓa, a ranar a juye shi duka. Lamba 90 da man birki kada su kusance ta. Gora ɗaya ta man da ya dace, da mazurari da tsumma, a ɗaure su a leda a ajiye ƙarƙashin kujerar direba.

Tsohon man fa, ina zan kai shi?

Ban da cikin ruwa, ban da ƙasan jirgi inda famfo zai tura shi waje. Kogin nan shi ne ake tacewa a Malali a aiko mana a famfo, madatsar Kangimi ma don ruwan shan Kaduna aka gina ta, ga masunta da masu lambu a gaɓa. A ɗura shi a jarka mai murfi a kai gareji, akwai masu zuwa saye. Wanda ya gauraya da ruwa a zuba shi a jarka daban a rubuta a jiki, domin in aka bar shi ya kwana biyu ruwan yakan kwanta a ƙasa, saman ya yi ja kamar sabo, wani yaron shago ya ɗauka ya ɗura wa mota.